Bututu na tafe: gonarki na da takarda?

Mun ga yadda aka yi da bututun man fetur. An soma aikinsa a 2019, ya taso daga Agadem, ya ratsa jahohin Diffa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, ya hita ta Gaya zuwa tashar Seme a ƙasar Benin, tsawon kusan kilomita 2,000. Jirgin farko ya yi lodi a 2024.

Yanzu kuma zancen na iskar gas ake. A watan Yuli na 2022, a birnin Alje, Nijar da Najeriya da Aljeriya sun sa hannu kan bututun da zai ƙetare Sahara, sama da kilomita 4,000. Duk inda ya bi, hilin wani ne.

Doka mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta ba gwamnati ikon karɓar hili saboda amfanin jama'a, amma sai an biya diyya ta adalci tun kafin a karɓa. To, wa ake biya? Wanda aka rubuta sunansa ranar ƙidaya. Nan ne mu mata ƴan kasuwa ke shan kashi: gonar gado ce, ko gamana da maigida ya ba mu, gyaɗar da muke ƙuli da ita daga can take hitowa, amma takarda babu.

Takardar shaidar gona wajen kwamitin kofo ake samunta, na gari ko na komin, tare da mai gari da shaidu. Mu je tun masu awo ba su kafa turaku ba.