Dakashi Ba Ƙazanta Ba Ne

A Illela, bakin iyakarmu da Birnin Konni, da sauran ƙasar Sakkwato, akwai tsohuwar al'ada ta tatse dakashi a zubar, a riƙa ɗura wa jariri ruwa ko nonon akuya, wai sai nono ya yi fari. To, wannan hasara ce babba.

Ga yadda abin yake. Muddin mace tana da ciki, mabiyiya na zuba sinadarin firojestaron cikin jininta, shi ke hana nono kawowa sosai. Da mabiyiya ta faɗi sai ya ragu, sinadarin firolaktin ya sami hanya, cikin kwana 2 zuwa 4 nono ya cika. Tsotson jariri ke ƙara shi, ya kuma tsuke mahaifa, jini ya tsagaita. Dakashin kuwa shi ne rigakafinsa na fari daga zawo.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nono zalla har wata 6. Ko da bazara ya isa, gama kusan kashi 87 cikin 100 nasa ruwa ne.

Malamai da akawuna, maganarku ake ji a gida. Muna roƙo ku fara da naku.