Kainuwa na iya wanke ruwan dauɗa kafin ya kai ga salati

Duk wadda ke sarin salati da kabeji a Yamai ta san Gunti Yena, kwarin nan da ke kwashe ruwan wanka da na wanke-wanken unguwanni ya kai kogin Isa. A bakinsa akwai garake, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan wani kaso na ganyen da muke kasawa a tire. In zawo ya ɓarke a gari, mai talla ake fara zargi, alhali ba ita ta zuba dauɗar ba.

To ashe wani ɓangare na maganin yana cikin tabkunanmu: kainuwa, dashen Allah. Ana gina kududdufai a jere, a sako ruwan dauɗa a na farko, ya riƙa gangarawa sannu-sannu na tsawon kwanaki. Saiwar kainuwa da ke reto cikin ruwa kamar gemu ita ke tare laka, ƙananan halittun da ke manne da ita su cinye ruɓaɓɓen abu, ita kuwa ta tsotse sinadaran taki da ke cikin fitsari da sabulu. Ba lantarki, ba inji, sai fili da rana, waɗanda ba mu rasa ba.

An gwada haka a makarantar injiniyoyin karkara ta Wagadugu wajen shekarar 2000. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ma an yi kududdufan gwaji da wata ƴar mitsitsiyar ciyawa mai yawo a kan ruwa, ana kwasarta ana ciyar da kifi karfasa.

Sai dai aikin yana son hannu. Dole a riƙa kwashe rabin ciyawar a kai a kai; in an bar ta ta ruɓe a ciki, dauɗar da ta sha ta koma ruwa, sauro kuma ya samu gida. Wadda aka kwashe tana yin taki mai kyau. Amma in ruwan majema ne ko na marina, kada a ba dabba, don tana tara dafin sinadaran.

Kada kuma a haɗa ta da ƴar uwarta mai furen nan shuɗi da ta fito daga Amurka ta Kudu. Ita ma gwana ce wajen tace ruwa, amma cikin sati 2 tana iya ninka yawanta, kuma masunta da masu kwale-kwale na kogin Isa sun san wuyar da suka sha da ita. Wanda ya kai ta tabkin Madarunfa ya cuci jama'a.

Ruwan da ya fito ƙarshe na ban-ruwa ne kawai, ba na sha ba, don ƙwayoyin cuta ba su ƙarewa duka. Salati dai sai an wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon jabel kafin a kai shi gaban mai saye.