Ƙullutun Gindin Ƙaramin Yatsan Ƙafa: Yadda Za Ku Kula da Shi

'Yan'uwa 'yan kasuwa da iyalai, idan kuka ga ƙullutu mai tauri a gefen ƙafa na waje, daidai gindin ƙaramin yatsa, yana ja yana zugi in an sa takalmi, ku sani ƙashi ne. Dogayen ƙasusuwa 5 ne ke tafiya zuwa yatsun ƙafa. Kan na biyar shi ne ke karkata waje, yatsan kuma ya lanƙwasa ciki. Wasu gadon ƙirar ƙafar suke yi. Matsattsen takalmi, da yini a tsaye, da zaman harɗe a kan daɓe su ke ƙara tsananta shi. Saboda irin wannan zama ne Turawa suka laƙaba masa sunan teloli.

Abin da za ku yi a gida

Ku sa takalmi mai faɗin baki da laushi, ku bar mai tsini da mai dogon dunduniya. Ku sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ku gwada shi a tsaye. Ku sa auduga ko soso mai laushi tsakanin ƙullutun da takalmi. In kuna zaune a rumfa, ku riƙa miƙe ƙafa, ko ku zauna a kujera. In ya kumbura, ku naɗe ƙanƙara a tsumma ku ɗora minti 10 zuwa 15. Parasitamol yana rage zafi. Mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda kada su sha ibuprofen sai da izinin ma'aikacin lafiya.

Abin da za ku guje wa

Kada a tsaga wurin, kada a yanke kantar da ke kansa da reza, kada a yi masa lalas. Aska ba ta mayar da ƙashi mazauninsa, sai dai ta bar gyambo.

Lokacin zuwa asibiti

Ku je in zafin ya hana ku tafiya, ko fata ta fashe, ko ruwa na fita. Mai ciwon suga ya duba ƙafarsa kullum, ya je da zarar ya ga rauni ko da ba ya jin zafi, domin sakaci kan kai ga yanke ƙafa. Likita zai duba, yana iya ɗaukar hoton ƙashi. In dabarun gida sun gaza, likitan ƙashi kan yi aiki ya rage ƙashin ko ya daidaita shi, kuma warkewa kan ɗauki makonni.

Da ƙafa ake zuwa kasuwa. Ku kula da ita tun ciwon yana ƙarami.