Tirelar Dusa Mai Hura Iska: A Kula Wajen Sauke Kaya

Jama'a, mu dai mun saba da buhu. Dusa, angurya, ƙuli-ƙulin auduga na Garwa ko Marwa, duk a kafaɗar 'yan dako suke sauka. To amma wanda ke kai dabbobi manyan gonakin kiwo ya ga wata irin tirela da ke zuwa da abinci tsurarsa, ba buhu. Jak ne ke ɗaga gaban bodin kamar tifa, kayan su gangaro baya, sannan injin iska ya tura su ta cikin mesa har saman rumbun ƙarfe. Mutum ɗaya ya isa ya sauke lodin duka. Sai dai hatsarinta ba irin na buhu ba ne.

Babban abin tsoro shi ne kifewa. In bodin ya miƙe yakan kai kusan mita 10, nauyi duk ya koma sama. Taya ɗaya ta ɗan nutse cikin yashi ko laka, shi ke nan, sai ta kwanta. Saboda haka a nemi ƙasa mai tauri wadda ba ta karkata ba, kan mota da tirela su miƙe sambal, a ja birki, a sa waigi. A riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan yadda kayan ke raguwa. Dusar da ta sha raɓa takan daskare a gefe guda, kuma direban da ke fizgar mota gaba da baya wai don ta saki, wallahi da ransa yake wasa. In iskar hadari ta taso, a sauke bodin a jira.

Sai wayar lantarki. Ba sai ƙarfe ya taɓa ta ba, wuta mai ƙarfi tana tsallakowa. A Ingila shawarar hukuma ita ce kada a ɗaga tifa ƙasa da mita 10 daga layin wuta. In tsautsayi ya sa ta taɓa, direba ya zauna cikin mota har a yanke wutar. In gobara ta tilasta masa fita, ya yi tsalle ƙafa biyu a haɗe, kada ya taɓa mota da ƙasa lokaci guda.

Wajen inji kuwa, farfelar da ke juya shi ba ta san babbar riga ko rawani ba, nannaɗewa take yi. A tsuke tufafi. Bakin da dusa ke faɗawa akwai fukafukan ƙarfe masu juyawa. In ya toshe, a kashe inji a zare makulli kafin a sa hannu. Haka mesa, kada a kwance ta sai iskar ciki ta fice.

Ƙurar dusa tana kamawa da wuta kamar fetur in ta taru cikin rumbu. Ban da taba, kuma a haɗa wayar da ke sauke wuta ƙasa in akwai. Yaran gida da makiyaya masu son kallo, a kore su nesa da gefen tirela tun kafin jak ya motsa.