Bel Ɗaya, Fasinja Biyu: Yadda Ake Shiga Mota Daga Malkohi

Malkohi wani ƙauye ne a bayan garin Yola, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Kudu. Kafin shekarar 2014 ba kowa ya san sunansa ba, ko da a cikin Jihar Adamawa. A wannan shekara ce rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane daga Gwoza da Madagali da Michika da Mubi, aka kafa musu sansani a nan, waɗansu kuma suka sami masauki a cikin ƙauyen. Da yawa sun koma gida da ƙura ta lafa, amma akwai waɗanda suka zauna suka kama noma da 'yan sana'o'i. To, mai gida biyu ba ya rabuwa da hanya. Yau ta'aziyya, gobe ɗaurin aure, jibi a je a duba gonar gado. Sai mutum ya hau keke napep zuwa Jimeta, ya shiga tasha, ya nemi motar da za ta haye gadar Binuwai ta bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, har inda hali ya yi.

A nan tashar ne maganar take. Ƙaramar mota wadda masu ƙera ta suka yi domin mutum biyar, 'yan kamasho sukan zuba huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, ga direba na bakwai, ban da yaran da ke kan cinyar iyayensu mata. Kujerar gaba kuwa bel ɗaya gare ta. Direba kansa yakan bar nasa bel ɗin yana lilo, sai ya hango shingen ma'aikatan kiyaye haɗurra sa'an nan ya jawo shi ya ratayo a kafaɗa, wani ma ba ya maƙala shi, da cinya yake danne bakinsa. Da an wuce shinge sai ya sake shi. Watau dai ana ɗaura bel ne domin mai kaki.

Dokar ba sabuwa ba ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, kuma tun ranar 1 ga Janairu 2003 ta fara kama wanda bai ɗaura bel ba. Tarar da dokar hukumar ta 2007 ta yanka wa wannan laifi Naira 2,000 ce. Shi bel ɗin ma ya girmi dokar nesa ba kusa ba. Wani injiniya na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin mai suna Nils Bohlin ne ya fito da irin wanda ake gani yau, mai ratsa ƙirji da ƙugu, a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da shi kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da kusan rabi.

Dalilin ba wuyar ganewa. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa, watau iyakar gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, to duk wanda ke cikinta shi ma gudun nan yake yi. Mota ta daki abu ta tsaya cak, shi jikin mutum bai tsaya ba, sai ya ci gaba har ya sami abin da zai tsayar da shi, ko sitiyari ko gilashi ko kwalta. Ƙarfin bugun nan daidai yake da faɗowa daga sama tsawon mita 10. In gudun ya kai kilomita 100, kamar yadda ake yi da zarar an bar Girei a baya, sai a ninka sau huɗu, kusan mita 40 ke nan. Ba hannun da zai iya dafe wannan. Uwa mai riƙe da jariri a cinya tana ganin ta riƙe shi gam, alhali a lokacin karo nauyinsa yakan ninku sau ashirin ko talatin, ya fizge daga hannunta tun ba ta ankara ba. Na kujerar baya kuma da bai ɗaura ba, shi ne ke zama dutsen da zai faɗa wa na gaba a ƙeya.

Masu ƙin bel suna da hujjojinsu, ba kuma duka ne na banza ba. Zafin Yola a watan Maris da Afrilu yakan haura 40 a ma'auni, ƙarfen bel ɗin har ƙona hannu yake yi. Na motocin haya kuwa ya sha ƙura ya yi baƙi, in mutum ya ɗaura shi a kan farar rigar Juma'a sai ya sauka da zane daga kafaɗa zuwa ƙugu. Wannan ruwa da sabulu ke maganinsa, aikin yaron mota ne na rabin awa. Hujjar da ta fi yaɗuwa ita ce wai gara mota ta wurgar da mutum waje da a ce bel ya riƙe shi wuta ta cinye shi. Amma haɗarin da ke ƙarewa da gobara kaɗan ne ƙwarai, kuma wanda bel ya riƙe shi ne ke da sauran hankalin da zai buɗe ƙofa ya fita. Wanda aka wurgar, sau da yawa motar ce ke biyo shi ta danne. Mata masu ciki su ma ba a ɗauke musu ba, sai dai igiyar ƙasa ta bi ƙarƙashin ciki a kan ƙashin ƙugu, ta sama kuma ta ratsa tsakiyar ƙirji.

Sai kuma jakar iska, wadda ba ta cikin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, amma tana cikin yawancin motocin da ake shigowa da su yanzu ta Legas da Kwatano. Waɗansu masu motoci suna ganin tunda akwai ta, bel ya zama tsohon yayi. Kuskure ne babba. Jakar tana fitowa daga cikin sitiyari ko gaban fasinja da gudun da zai kai kilomita 300 a awa, ta cika tun ido bai ƙifta ba. An yi ta ne domin ta tari mutumin da bel ya riga ya riƙe. Wanda bai ɗaura ba yakan zame gaba tun lokacin taka birki, sai jakar ta same shi tana cikin fashewa, ta karya wuya ko ta fasa fuska. Shi ya sa ake so direba ya bar tazarar santimita 25 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari, kada kuma a zaunar da yaron da bai wuce shekara 12 ba a gaba. Mai karatu ya duba wannan, sa'an nan ya tuna da mutum biyun nan na kujerar gaba, ɗaya gwiwarsa na manne da gaban mota, wata kuma da goyo a cinya.

Akwai wani abin da masu sayen tsofaffin motocin Amurka ya kamata su sani. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana cika abin da ke hura jakar da sinadarin amoniyam naitiret, irin wanda ake takin zamani da shi. Zafi da laima na shekaru suna lalata shi, sai ya fashe da ƙarfin da ya wuce kima ya watsa wa direba gutsattsarin ƙarfe. Ya kashe fiye da mutum 20 a Amurka kaɗai, aka yi kiran a dawo da kimanin miliyan 67 domin a canza, kamfanin kuma ya karye a 2017. Motocin Honda na farkon shekarun 2000, irin su Accord da Civic da suka cika titunan Jimeta, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Garin da ke bakin Binuwai kuwa bai rasa zafi ba, bai rasa laima da damina ba. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17 a ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, kuma ana iya sa ta a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran Amurka kyauta a ga ko an gyara motar kafin a sayar da ita. Har wa yau, in an kunna mota, fitilar jakar iska takan kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In kuwa ba ta kama ba sam, wataƙila wani ya cire ƙwan ne domin ya ɓoye cewa motar ta taɓa haɗari, jakar ta fashe, an liƙe murfin babu komai a ciki.

Lodin gaba bai tsaya ga fasinja kaɗai ba, har tuƙin yake ɓatawa. Na tsakiya a kan birkin hannu yake zaune, ƙafarsa tana gogar sandar giya, duk lokacin da direba zai sa giya sai ya ce masa ya ɗan gyara. A kan miƙaƙƙiyar hanya abin dariya ne, amma ranar da garken shanu ya ɓullo a kwana, direba yana neman ya dawo giya biyu, ba lokacin cewa a gyara. Haka nan silifas yakan zame ya shige ƙarƙashin birki, gorar ruwa ma takan gangara can. Masu koyon mota mai giya otomatik su kuma sukan raba ƙafafu, hagu a birki dama a totur, in abu ya taso a firgice su taka duka biyu ko su taka wanda ba shi ba. Ƙafar dama ita kaɗai ke aiki a irin wannan mota.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 wata tsohuwar ɗabi'a ta ƙara samun gindin zama, watau sa mota a firi a gangara, wani har ya kashe inji, wai ana tattalin mai. Da inji ya mutu, abin da ke taimaka wa birki ya daina aiki, taku ɗaya ko biyu sai birkin ya yi tauri kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, in kuma an murɗa makulli har ƙarshe yana iya kullewa, jakar iska ita ma ba lalle ta fito ba tunda an yanke mata wuta. Man da aka tsira da shi bai cika kwalbar lemo ba.

Direbobi suna cewa in ba su ɗauki biyu a gaba ba, kuɗin mai da na tasha da na mai mota ba za su fita ba, kuma lissafinsu ba ƙarya ba ne. Mai hali yakan biya kuɗin mutum biyu ya zauna shi kaɗai, ya sami bel ɗin. Mutumin Malkohi da ya sayar da 'yan kwanonin masara kafin ya haɗa kuɗin zuwa Madagali ba zai iya ba, shi ne kullum na tsakiya. Ma'aikatan kiyaye haɗurra suna tsayawa can kan hanya su yanki tara bayan an riga an yi lodi an karɓi kuɗi, direba ya biya ya wuce da mutanensa yadda ya ɗauko su. Lodin kuwa a cikin tasha ake yinsa, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, su ne kuma ke yanka kuɗin kujera su buɗe ƙofa mota ta fita.