Yaro Mai Wayo da Ya Kasa Haɗa Baƙi

A shekarar 1896 wani likita mai suna Pringle Morgan, mazaunin garin Seaford a kudancin Ingila, ya buga rahoto a mujallar likitocin Birtaniya kan wani yaro ɗan shekara 14 da ya kira Percy. Yaron yana da kaifin basira, idanunsa lafiya lau, lissafi ba ya ba shi wuya, kuma tun yana ɗan shekara bakwai ake koyar da shi. Duk da haka ko sunansa ya zo rubutawa sai ya birkita baƙaƙen. Malaminsa ya shaida wa likitan cewa da a ce da baki kaɗai ake karatu, da babu wanda zai sha gabansa a makarantar.

Irin wannan yaro a yawancin makarantunmu sunansa daƙiƙi, maganinsa kuma bulala. Alhali matsalar tana da suna tun shekarun 1880, lokacin da Rudolf Berlin, likitan ido a birnin Stuttgart na Jamus, ya raɗa mata disleksiya. Masana sukan ƙiyasta cewa tana shafar yaro 5 zuwa 10 a cikin kowane 100.

Magana halitta ce. Jariri yana tsintar ta a bayan uwarsa ba tare da malami ba. Karatu kuwa ƙirƙira ce, domin rubutu bai daɗe da wuce shekara 5,000 a duniya ba. Ba a haifi kowa da sashen karatu a ƙwaƙwalwa ba. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa Stanislas Dehaene ya nuna cewa idan yaro ya fara koyo, wani ɗan yanki a ɓangaren hagu, wanda asalin aikinsa gane siffofin abubuwa ne, shi ake ara ya riƙa gane baƙaƙe, sannan ya ƙulla hanya da sassan da ke kula da sautin magana. A nan gizo ke saƙar. Mai disleksiya yana jin kalma a dunƙule, amma tsinka ta sauti-sauti yana yi masa wuya. Ka ce da shi ya cire sautin farko na “kaza” ya faɗi abin da ya rage, sai ya yi turus, yayin da sa’anninsa tuni sun ce “aza”. Wanda bai iya rarrabe sautuka a kunne ba, yaya zai ɗora kowannensu a kan baƙinsa?

Shi ya sa haddar irin wannan yaro takan rufe asirinsa. A makarantar allo zai iya kawo sura tiryan-tiryan saboda ya ji ta sau da yawa, amma a ɗora yatsa a tsakiyar allon a ce karanta nan, sai ya kafe. Ya daɗe a babbaƙu da farfaru, ’yan bayansa suna wuce shi. Musanya b da d kuwa, wanda iyaye suka fi lura da shi, ba shi ne cutar ba. Yara da yawa suna yin haka har wajen shekara bakwai, balle namu da aka ƙara musu ɓ da ɗ.

Abin yana bin jini. Idan uba ko uwa sun sha wannan wahala, akwai babban zaton ɗansu ma ya sha. A 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jami’ar Edinbara sun kwatanta ƙwayoyin gado na mutum fiye da 50,000 masu disleksiya da na sama da miliyan ɗaya marasa ita, suka gano wurare 42 da ke da alaƙa da ita. Ke nan ba ƙwaya ɗaya ce ke haddasa ta ba, tarin ƙananan bambance-bambance ne, shi ya sa ta wani mai sauƙi ce, ta wani mai tsanani.

Harshen da ake koyo da shi yana iya rage nauyin ko ya ƙara. A 2001 Eraldo Paulesu da abokan aikinsa sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu disleksiya daga Italiya da Faransa da Ingila. Raunin iri ɗaya ne a wuri ɗaya, amma ’yan Italiya sun fi iya karatu, domin rubutunsu yana bin furuci kusan baƙi da baƙi. Bokon Hausa ya fi kusa da na Italiya a wannan fanni, ko da yake ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. A ganina zalunci ne a ɗauki yaron da tsinka sauti ke ba wa wuya, a fara masa da Turanci, harshen da bai ji ba, wanda rubutunsa da furucinsa sukan yi hannun riga.

Amma ba kowane mai fama da karatu ne ke da disleksiya ba. Ciwon kunne mai yawan dawowa yana toshe ji a daidai shekarun da yaro ke tattara sautuka, sanƙarau kuma kan bar kurumta. Akwai wanda allon aji ne kawai ba ya gani, tabarau ya ishe shi. Bakwaini, da yaron da ya rasa sinadarin ayodin ko ya yi fama da ƙarancin jini, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, duk suna iya samun jinkiri. Sikila ma takan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye, ba a ga shanyewar jiki ba, sai dai a ga karatu ya ja baya. Saboda haka kafin a yanke hukunci, a fara kai yaro a duba kunnensa da idonsa.

Sai kuma a dubi ajin. Inda yara ɗari suke gaban malami ɗaya kuma akasarinsu ba su iya karatu ba, bai kamata a ɗora wa halitta laifi ba. Mai disleksiya shi ne wanda aka koya wa da kyau, sa’anninsa suka wuce, shi ya tsaya. Ba a warkar da ita da ƙwaya ko allura. Abin da ke aiki shi ne irin tsarin da likitan Amurka Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka shimfiɗa a shekarun 1930: sauti ɗaya, baƙi ɗaya, yaro ya ji, ya furta, ya zana da yatsa ko da a kan rairayi ne, a maimaita har ya zauna kafin a matsa gaba. Wanda aka fara wa haka a aji ɗaya ko biyu ya fi saurin kamo ’yan’uwansa fiye da wanda aka bari sai aji biyar.