Sulun ruwa da lemar iska a Paje: abin da mai koyo ya kamata ya sani kafin ya shiga teku

Ƙauyen Paje, a gabar kudu maso gabashin tsibirin Unguja na Zanzibar, ya zama matattarar masu wasan sulu a kan ruwa da lemar iska. Ɗan wasa yana tsayawa a kan ɗan allo, da ɗamara a ƙugunsa wadda ke haɗe da igiyoyi masu tsawon mita 20 zuwa 25. A ƙarshen igiyoyin akwai lema da iska ke cikawa tana jansa, shi kuma yana sarrafa ta da sanda a hannu. Wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, su ne suka ƙirƙiro lemar da ake hura wa iska a shekarun 1980, wadda ba ta nutsewa idan ta faɗa ruwa. A 2024 wasan ya shiga gasar Olamfik ta Faris, inda aka yi tseren a tekun Marseille.

Abin da ya fifita Paje shi ne siffar ruwanta. Duwatsun murjani sun yi shinge can nesa da gaba, suna karya ƙarfin igiyar Tekun Indiya, sai ruwan da ke tsakaninsu da tudu ya kwanta kamar tafki, ƙasansa farin rairayi. A wurare da yawa bai wuce ƙugu ba, don haka mai koyo idan ya faɗi sai ya miƙe tsaye.

Iskar kuwa lokaci gare ta. Waswahili suna kiran wadda ke busowa daga arewa maso gabas Kaskazi, daga Disamba zuwa wajen Maris. Ta kudu, Kusi, tana kadawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ta fi ƙarfi. Waɗannan iskoki su ne suka riƙa kai jiragen fatake tsakanin Zanzibar da Oman da Indiya ɗaruruwan shekaru. Tsakanin Maris da Mayu damina ce mai ƙarfi, iska kan yi rauni, wanda ya je a lokacin zai fi zaman jira.

Sai dai kwanciyar ruwan tana ruɗar baƙo. Teku a wannan gaba yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma a kwanakin sabon wata da cikarsa bambancin kan haura mita uku. Idan ya janye, wurin da aka yi sulu da safe sai ya koma fili mai ɗan ruwa iya idon sawu, faɗuwa a nan kuwa tana iya karya ƙashi. Akwai kuma bushiyar teku mai ƙaya a tsakanin duwatsu, shi ya sa ake sa takalmin roba. Duba jadawalin cikar teku wajibi ne kamar duba iska.

Hatsari mafi girma yana tudu ne, lokacin tayar da lema da saukar da ita. Guguwa ɗaya tana iya ɗaga mutum ta maka shi a jikin bishiyar kwakwa ko bango. Saboda haka darasin farko shi ne yadda ake ture makullin gaggawa da ke gaban ɗamara, wanda ke sakin lemar ta rasa ƙarfi nan take. Ba a shiga ruwa idan iska na busowa daga tudu zuwa teku, domin za ta tafi da mutum inda ba zai iya dawowa ba. Mai hankali ba ya koyon wannan wasa daga bidiyo. Malami mai takardar shaida yake nema, kuma kwanaki kaɗan na horo kan isa mutum ya fara tsayawa a kan allo.

Ruwan ba na 'yan wasa kaɗai ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 matan Paje da Jambiani ke noman ciyawar teku, suna kafa turaku da igiyoyi a inda ruwa ke janyewa. Allon da ya ratsa gonar yana tsinke aikin makonni, turakun kuma suna raunata mai sulu. Mazauna ƙauyen Musulmi ne, don haka ana son baƙo ya suturta jikinsa idan ya bar bakin ruwa ya shiga gari, musamman a watan Azumi.